Ƙwayar da Likita Ke Bai wa Yaro Mai Ƙiriniya

Da wuya ka shiga aji a makarantun Unguwar Sanusi da ke Kaduna, na boko ko na Islamiyya, ka rasa yaron da malamai suka haddace sunansa tun makon farko, kuma ba don ƙoƙari ba. Shi ne wanda benci ba ya riƙe shi. Kafin malam ya gama tambaya ya riga ya cafke da amsa, amsar kuma ba ta nan take ba. Fensirinsa kullum a ɓace yake. A gida in aka aike shi sayen magi da gishiri, sai ya dawo da magi kaɗai, ko kuma a bi sahu a tarar da shi yana kallon ƙwallo da kuɗin a hannu. An yi faɗa, an yi bulala, an yi rubutu da tofi, kowa ya gaji ya ce yaron ba ya jin magana. Akwai kuma takwararsa mace da ba ta damun kowa, don haka ba a cika lura da ita ba: tana zaune shiru, idonta a kan allo, hankalinta kuwa ya yi nisan kiwo.

Ba duk mai ƙiriniya ne mara lafiya ba, ƙuruciya ma da nata rawar kan. Amma a cikin irin waɗannan yara akwai masu lalurar da likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi da aikata abu kafin tunani. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 na da ita, a manya kuma wajen rabin haka. Likita ba ya yanke hukunci sai alamomin sun faro kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma suna ɓata wa yaron karatu ko zama da mutane. Gado na da babban hannu a ciki. Sau da yawa uban da ke rantsuwa bai taɓa ganin yaro irin wannan ba, in ka tambayi kakar yaron sai ta yi dariya. Ba kuma sabon abu ba ne da wayar salula ta kawo, domin tun 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yara a gaban 'yan uwansa likitoci.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganin. Wanda ya fi tasiri a kan lalurar yana cikin dangin magunguna masu zaburar da ƙwaƙwalwa, dangi ɗaya da ƙwayoyin hana barci. Da uwa ta ji haka a ɗakin likita sai gabanta ya faɗi: "Likita, ni dai kada a mayar min da yaro ɗan ƙwaya." Kuma ba za a ga laifinta ba. Ta ga abin da tiramol da kodin suka yi wa samarin layinsu. Ƙididdigar da gwamnatin Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka fitar a farkon 2019, ta nuna mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 aka haramta maganin tari mai kodin. Tun kafin wannan ma, a ƙarshen shekarun 1980, an yi ta kwararo wata ƙwaya mai suna pemoline zuwa Afirka ta Yamma ana sayarwa a kasuwa ga masu aikin ƙarfi da direbobi, alhali a Turai da Amurka maganin wannan lalura ce ta yara, kafin a janye ta saboda tana lalata hanta. Ke nan mu a nan mun fara sanin wannan dangin magani a tasha da bakin kasuwa, kafin mu san shi a asibiti.

Yadda aka gano amfaninsa ga yara kuwa katari ne. A 1937 wani likita a jihar Rhode Island ta Amurka, Charles Bradley, yana kula da yara masu matsalar ɗabi'a. Ya ba 30 daga cikinsu Benzedrine, wani nau'in amfetamin, da nufin rage musu ciwon kan da wani gwajin ƙwaƙwalwa ke haddasawa. Ciwon kai bai tafi ba. Sai dai malamansu suka zo da labarin cewa wajen rabin yaran sun zauna sun dukufa kan karatu yadda ba a taɓa gani ba. A 1944 kuma wani masanin haɗa magunguna a birnin Basel na Suwizalan, Leandro Panizzon, ya haɗa methylphenidate, aka sa masa suna Ritalin saboda matarsa Rita. Shi ne har yau aka fi rubutawa a yawancin ƙasashe, Amurkawa kuma sun fi karkata ga amfetamin irin su Adderall.

To ta yaya abin da ke zaburarwa zai zaunar da yaro? A goshin ƙwaƙwalwa akwai sashen da aikinsa shi ne tsara abin da mutum zai mayar da hankali a kai, da taka wa sauran burki. Ka ɗauke shi kamar mai ba da hannu a mahaɗar Kasuwar Barci da yamma: in yana tsaye da kuzarinsa, Keke Napep da babura da motoci kowa na wucewa bi da bi, in ya yi gyangyaɗi, ba wai ababen hawan sun ƙaru ba ne, amma kowa zai kutsa lokaci guda, hanya ta cushe. Wannan sashe yana aiki da wasu sinadarai biyu da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, dopamin da noradrenalin. Methylphenidate yana toshe ƙofofin da ke zuƙe su da wuri, sai su ɗan daɗe suna aiki. Amfetamin kuma har ƙara fito da su yake yi. Mai ba da hannun ake farkarwa, shi ya sa hayaniyar ke lafawa.

Ƙwaya mai gajeren zango tana fara aiki cikin kamar rabin awa, ta ƙare bayan awa 3 zuwa 4. Mai dogon zango, irin Concerta, takan kai awa 12. Kimanin yara 7 cikin 10 da ke da lalurar suna samun sauƙi a bayyane, kuma ba a jiran makonni kafin a gani. Yaron da bai taɓa gama kwafe abin da ke kan allo ba sai ya gama. A kira sunansa sau ɗaya ya waiwayo. Ya iya jiran layinsa a wajen biya wa malam hadda.

Amma a nan ya kamata a yi wa iyaye gaskiya, domin akwai masu tsammanin ƙwayar za ta ɗauko yaro daga na ƙarshe ta kai shi na ɗaya. Wani bincike da William Pelham da abokan aikinsa suka fitar a 2022 a jihar Florida ya bi yara 173 masu lalurar, 'yan shekara 7 zuwa 12, a azuzuwan da aka shirya musu lokacin hutu. A makonnin da suke shan magani sun fi yawan aikin da suke gamawa a aji, sun fi bin doka, amma da aka auna sabon darasin da ya zauna musu a ka, bambancin bai taka kara ya karya ba. Maganin yana zaunar da yaro a gaban darasi ne. Shigar da darasin aikin malami ne da maimaici. Yaron da ya shekara uku bai iya haɗa baƙi ba, ranar da ya fara shan magani ma bai iya ba. Abin da ya samu shi ne damar koyo.

Wanda ba shi da lalurar fa? Wannan tambaya ta shafi ɗaliban manyan makarantu, waɗanda da ma sun saba da goro da Nescafé a daren jarrabawa, yanzu kuma suna gani a intanet cewa ɗaliban Amurka na shan "ƙwayar karatu". A 2023 masu bincike daga jami'o'in Melbourne da Cambridge sun ba wa mutum 40 masu ƙoshin lafiya irin waɗannan magunguna, suka sa su warware wani lissafi mai sarƙaƙiya. Sun ƙara himma, sun ƙara ɓata lokaci, sun yi ta jujjuya amsa, amma ingancin aikinsu bai ƙaru ba, har ma ya ɗan ragu, musamman waɗanda da can su ne gwanaye. Abin da ƙwayar ke ƙarawa tabbas shi ne jin cewa kana ƙoƙari. Ga kuma barcin da aka yi asara, alhali a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta.

Batun yanayin zuciya shi ne wanda ba a cika yi wa iyaye bayaninsa ba, kuma shi ya fi sa a watsar da magani a mako na biyu. Akwai alherin da ke zuwa ta bayan gida: yaron da ake yi wa tsawa sau ashirin a yini ya koma sau uku, abokai suka daina gudunsa, dole ransa ya yi sanyi. Da yawa daga cikin masu lalurar ma da can suna da saurin fushi da saurin kuka, kuma magani kan rage wannan. Amma akwai ɗaya gefen. Lokacin da ƙwayar ke barin jiki, wasu yara kan shiga wani hali na kamar rabin awa zuwa awa guda: ƙunci, kuka ba dalili, neman faɗa da ƙanne, ƙiriniyar ta dawo har ta fi ta da.

Duba yadda wannan ke karo da yinin yaron Bahaushe. An ba shi ƙwaya da ƙarfe bakwai na safe, ta sake shi wajen sha ɗaya, ana tsakiyar darasi. In likita ya ƙara ta rana, ita kuma za ta sake shi wajen La'asar, daidai lokacin da ya ɗauki jakar Islamiyya. Malamin boko ya ce yaro ya shiryu, malamin Islamiyya ya ce ai ƙara lalacewa ya yi, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Uwa ita ce ke karɓarsa a mafi munin sa'a, ga yunwar da bai ji ba tun safe ta taso masa gaba ɗaya. Tsarin shan maganin da aka rubuta a littattafan Turawa an gina shi ne a kan yaron da ke tashi daga makaranta ƙarfe uku ya tafi wasa. Namu yana da makaranta biyu, wani ma uku in aka haɗa da ta dare. Don haka wajibi ne a zayyana wa likita yinin yaron tun daga Asuba har kwanciya, domin sau da yawa gyaran na lokaci ne, ko a koma mai dogon zango, ba wai maganin ne bai karɓe shi ba.

Akwai kuma yaron da magani ya yi wa yawa. Ya yi tsit, ba dariya, ba wasa, ya ƙura wa abu ɗaya ido, fara'arsa ta ɗauke. Abin tsoron shi ne a al'adarmu irin wannan yabo yake jawowa: "Kai, Masha Allah, yaron nan ya yi hankali." A ganina wannan ya fi kukan La'asar haɗari, domin babu mai kai ƙararsa. Yaron da magani ya yi wa daidai yana nan da barkwancinsa da surutunsa, illa dai yanzu yana iya tsayawa in ya so. In ya zama kamar baƙo a gidansu, a koma wa likita a rage.

Sauran illolin sanannu ne. Cin abinci na raguwa, shi ya sa ake so yaro ya cika cikinsa da koko da ƙosai ko abin da ya sawwaƙa kafin ya haɗiyi ƙwayar, a kuma bar masa abinci da dare. Barci kan yi wuya in an sha da yamma. Bugun zuciya da hawan jini kan ɗan ɗaga, don haka in akwai ciwon zuciya ko mutuwar fuju'a ta matashi a dangi, a faɗa tun farko. Yaran da suka shekara da shekaru suna sha kan ɗan yi ƙasa a tsawo, kamar santimita 1 zuwa 2. Abin da ba kasafai ba amma mai nauyi: wani babban bincike na Amurka a 2019 ya gano kimanin mutum 1 cikin 660 na matasan da suka fara shan waɗannan magunguna ya samu ruɗewar hankali, irin jin muryoyi ko zargin ana bibiyarsa, kuma amfetamin ya ninka methylphenidate wajen haka. Wannan ba na jira ba ne, kuma ba na turare ba ne. A tsayar da maganin a tafi asibiti.

Sai babbar tambaya: shin jiki na sabawa da shi har ya daina aiki? Amsar ta rabu, domin ba duk tasirin maganin ne ke dushewa tare ba. Baligin da ya fara sha yakan ji wani garau a kwanakin farko, kuzari da nishaɗi da jin cewa yau duniya ta yi daidai. Wannan jin shi ne ke fara tafiya, sau da yawa cikin kwanaki ko makonni. Rashin cin abinci ma yakan lafa. Amma riƙe hankali a kan aiki, wanda shi ne dalilin shan maganin, a wurin yawancin mutane yana ɗorewa a kan awo ɗaya na tsawon lokaci. Matsalar tana farawa ne ranar da mutum ya ɗauki wancan garau ɗin a matsayin shaidar cewa magani na aiki. Da ya daina ji sai ya ce ya daina yi masa, ya ƙara rabi, ya ji na kwana uku, ya sake ƙarawa. Duk wanda ya san yadda mai shan tiramol ke tashi daga ƙwaya ɗaya zuwa kati guda ya san wannan hanya. Ma'aunin gaskiya ba "me nake ji?" ba ne. Ma'aunin shi ne: an gama aikin? An daina mance alƙawari? Littafin yaro ya cika ko har yanzu rabin shafi ne?

Wannan ba ya nufin babu sabo na haƙiƙa. Akwai shi, kuma masana ba su gama daddale girmansa ba. Tun a cikin yini guda ƙwaƙwalwa kan fara jure wa maganin, shi ya sa aka ƙera Concerta yadda za ta riƙa sakin sinadarin yana ƙaruwa a hankali zuwa rana. Wani ƙaramin bincike na hoton ƙwaƙwalwa a 2013 ya nuna bayan shekara guda ana sha, ƙofofin nan masu zuƙe dopamin sun ƙaru da kusan kashi 24 cikin 100, alamar ƙwaƙwalwa na mayar da martani. Wani babban bincike na Amurka da Kanada da aka fi sani da MTA, wanda ya bi yara 579, ya nuna a 1999 cewa bayan wata 14 waɗanda aka bai wa magani da kyakkyawar kulawa sun fi sauran samun sauƙi; amma da aka kai shekara 3 fifikon ya ɓace. Wasu sun ce sabo ne. Wasu sun ce ai bayan watanni 14 ɗin an saki kowa ya bi tsarin da ya ga dama, kulawar ta ragu, wasu sun daina sha, wasu da ba sa sha sun fara. Har yau ana wannan muhawara.

Kafin a ɗora wa sabo laifi kuma, akwai abubuwan dubawa. Yaron da aka auna wa magani yana shekara 7 ba shi ne mai shekara 11 ba, jiki ya ƙaru. Karatun firamare ba na sakandare ba ne. Wataƙila yana kwana kan waya. Wataƙila wata damuwa ce ta shigo gidan. Likita na iya ƙara awo da lissafi, ko ya sauya nau'i, ko ya ba da hutun magani a ƙarshen mako ko lokacin dogon hutu, ko ya koma atomoxetine, wanda ba ya cikin masu zaburarwa, sai dai shi yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Wani gwaji da aka yi a Holan a 2019 ya ba da darasi mai amfani: cikin yaran da suka haura shekara 2 suna sha, waɗanda aka janye wa maganin a hankali sun fi waɗanda suka ci gaba taɓarɓarewa, wato har lokacin yana aiki; amma fiye da rabin waɗanda aka janye wa ba su taɓarɓare ba. Shi ya sa ake so duk shekara a zauna a sake duba ko har yanzu ana bukatarsa.

Tsoron waccan uwa fa, na zama ɗan ƙwaya? Abin da ke sa ƙwaya ta kama mutum shi ne saurin da take bugun ƙwaƙwalwa da yawanta. Wadda aka haɗiya bisa awon likita a hankali take hawa. Wadda aka daka aka shaƙa ko aka sha da yawa lokaci guda ita ce ke bugarwa, kuma ita ce ke kamawa. Lalurar kanta, in an bar ta, tana cikin abubuwan da ke kai matashi ga shaye-shaye: an kore shi daga makaranta, gida an gaji da shi, ga shi da aikata abu kafin tunani. Bayanan da aka tattara a ƙasar Suwidin daga dubban masu lalurar sun nuna ba su fi faɗawa shaye-shaye ba don sun sha magani, kuma wani binciken can na 2012 ya gano aikata laifi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin maza a lokutan da suke kan magani. Duk da haka ƙwayar tana cikin waɗanda dokar duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, a Najeriya kuma tana ƙarƙashin sa idon NAFDAC da NDLEA. A gida babba ne zai riƙe ta ya kulle, ya ƙirga, musamman in akwai samari.

Mu a Kaduna matsalarmu ba yawan rubuta wannan magani ba ce kamar yadda ake kuka a Amurka. Tamu ita ce yawancin yaran ba su taɓa ganin wanda zai duba su ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga mutum fiye da miliyan 200. Maganin yana da tsada, kuma ba kowane kantin magani ke da shi ba. Sunan Barnawa kansa, inda Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yake, ya isa ya sa uba ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne, ya juya. Sai a bi ta wata hanyar, kuma mun ga inda takan ɓulle: a watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, waɗanda akasari danginsu ne suka kai su don a gyara musu tarbiyya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta amince cewa irin waɗannan mutane masu haƙƙin magani ne.

Duba yaron da kyau ya fi ƙwayar muhimmanci, domin abubuwa da yawa a nan suna kama da wannan lalura. Yaron da ya tafi makaranta da yunwa ba zai natsu ba. Haka mai ƙarancin jini, da wanda ba ya gani sosai ko kunnensa ya toshe, da mai wata irin farfaɗiya da ke ɗauke hankali na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da faɗuwa ba, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa taɓa wa ƙwaƙwalwa. Gubar dalma, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, tana barin irin wannan tabo ga waɗanda suka rayu. Ga yaran da iyayensu suka gudo daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa, waɗanda suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Zaburarsu da rashin natsuwarsu na firgici ne, kuma ƙwaya mai zaburarwa na iya ƙara musu shi. Mai kemis, komai kirkinsa, ba zai iya rarrabe waɗannan ta kan kanta ba. Ana iya farawa daga likitan yara a Asibitin Yusuf Dantsoho da ke Tudun Wada ko Barau Dikko, su tura inda ya dace. Mai zuwa ya tafi da littattafan yaron na aji, da 'yar takarda daga malamin boko da ta malamin Islamiyya, kowanne ya rubuta abin da yake gani da kuma ƙarfe nawa yake ganinsa.